Tsutsar da Ta Ƙi Kabeji

Shekaranjiya na biyo ta bakin fadama na iske ku ku uku a garkar mutane, kowa da tankin feshi goye a baya, kuna tafe kuna hira kamar masu zuwa kallon ƙwallo. Na tsai da ɗayanku na tambaye shi wace tsutsa ce ake yi wa wannan wanka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Baba, tsutsa ai tsutsa ta.” Ban tanka masa ba, don ba a faɗa a garkar mutane. Amma tunda yau kun zo da ƙafarku kun zauna a tabarmata, za ku ji abin da na haɗiye a ranar.

Ku a wurinku aikin nan bai wuce a sayo kwalba a kasuwa, a tsiyaya murfi biyu a ruwa, a yi ta matsa hannun tanki har ganye ya jiƙe ba. In tsutsa ta mutu ku ne gwanaye, in ba ta mutu ba mai shago ne ya ba ku jabu. To ni na haura shekara talatin a wannan aiki, har ba a cewa Garba a Illela sai an ƙara da mai tsutsa, kuma har gobe in na shiga garka sai na tsuguna na ga abin da tsutsar wurin take so kafin in san yadda zan hana ta. Sau ɗaya na ƙi tsugunawa, shi ne ya raba ni da garkar Malam Nomau ta Tozai. Duk mai sana'ar nan yana kwaɗayin a ce shi ke duba wannan garka, don inda Malam Nomau ya sa ƙafa nan duk masu kabejin Tozai suke sa tasu. Zan ba ku labarin, amma sai kun fara sanin aikin kansa.

Aikin farko da na bi maigidana Baba Arzika, Allah ya jiƙansa, garkar kuɓewa ce a Garu. Na ɗauko masa jaka ina tsammanin magani ne a ciki. Da aka buɗe sai ga faifai, da ɗan gwangwani mai hujin shan iska a murfi, da reza, da wani gilashi mai mariƙi da ke ƙara girman abu, wanda wani malamin gona ya bar masa da aka canja masa wurin aiki. Baba ya tsinko ganye, ya ɗauko tsutsa da tsinke ya aza a kai, ya miƙo mini gilashin ya ce in dubi bakinta in faɗa masa abin da na gani. Na ce na ga baki. Ya ce in sake dubawa, ba kora aka yi mana ba. Sai a dubawa ta uku na lura da wasu 'yan abubuwa tsini-tsini a gefe da gefen muƙamuƙinta, kamar 'yan yatsu, tana taɓa ganyen da su tana ɗagawa, ta taɓa ta ɗaga.

“Waɗanga su na halshenta,” in ji Baba. “Da su take jin ganye tun ba ta sa haƙori ba. In ka san abin da waɗanga ka so da abin da sunka ƙi, ka gama sana'a. Saura duk ɗaukar ruwa na.”

Rabin yini muka yi a tsugune a wurin nan, gwiwata har ta sage. Na ga yadda take yi. Ta fara taɓawa da 'yan yatsun nan. In abin ya yi mata, ta ɗan gatsa kaɗan ta tsaya, kamar mace mai ɗanɗana miya a tafin hannu. In ya ƙara yi mata, shi ke nan, ta kafa kai a gefen ganye ta yi ta yanka ba ɗagawa. In kuwa bai yi mata ba, sai ta ɗaga kai sama ta yi ta kaɗa shi dama da hagu, ta kama hanya. Shi ya sa ganye ma yana ba da labari ko ba ka ga tsutsar ba. In ka ga 'yan cizo ƙanana barkatai, an ɗanɗana ne an ƙi. In ka ga rami ɗaya babba da kashinta a ƙasa, an zauna an ci an ƙoshi.

Abin da Baba ya fi nanata mana shi ne harshenta ba irin namu ba ne. Warin kabejin nan da ke sa ku toshe hanci in ana tafasa shi, shi ne yake kiran 'yar koriyar tsutsar kabeji, in babu shi a ganye ko kallonsa ba ta yi. Attarugun da ke sa ƙato hawaye, akwai tsutsar da ke huda shi ta zauna a ciki ta yi ƙiba. Amma 'ya'yan dogon yaro, da ta taɓa ganyen da aka yayyafa wa ruwansu sai ta rufe baki, ta zauna da yunwa ga abinci a gabanta har ta lalace. Maganinmu ke nan. A tsinto nunannun da suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a daka a turmi, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye. Da tsintsiya muke yayyafawa a lokacin, da la'asar sakaliya, don rana tana kashe masa ƙarfi, kuma sai an bi ƙasan ganye. Wahalarsa masu garka ne. Mutum ya zo washegari ya ga tsutsa tana motsi, ya ce an cuce shi. Sai ka ja shi ka tsugunar da shi ka nuna masa cewa tana nan amma ba ta ci, kuma ba kowane dattijo ne yake yarda yaro ya tsugunar da shi ba.

Baba ba ya yayyafa komai a garkar mutum sai ya gwada a faifai. A yanko ganye biyu daidai wa daida da reza, a tsoma ɗaya a magani, a bar ɗayan haka nan. Wanda ba a tsoma ba shi yake kira ganyen shaida, don in tsutsa ta ƙi mai magani ta ci shaida, magani ya yi, in kuwa ta ƙi su duka, to ba maganinka ba ne ya hana ta. A bar tsutsar a gwangwani tun safe har hantsi ta ji yunwa. Kuma dole daga garkar da za a yi wa aiki za a ɗebo ta, a kan irin shukar da za a yi wa aiki. Dalili, akwai wata tsutsa mai baƙaƙen ɗigo a baya da ke cin kusan komai, kabeji, alayyahu, wake, tumatir, amma tana ƙarama ne take haka. Abin da ta buɗe baki a kansa ta girma, da shi harshenta yake sabawa. In ka ɗauko wadda ta girma a alayyahu ka aza ta a kabeji, sai ta yi rabin yini tana zagaye kafin yunwa ta sa ta saki jiki, kamar baƙon da aka kawo wa tuwon da bai saba ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan na faɗi.

Ina da shekara uku a wurin Baba aka kawo Sahabi daga Ƙonni, wani siririn saurayi marar magana, mai ce wa jarka bido. Ni na nuna masa yadda ake riƙe tsintsiya, ni na nuna masa nunannen ɗan dogon yaro da ɗanye. Yaya yake ce mini tun ranar har yau. Wata rana a Gidan Katta Baba ya so ya tabbatar mana da maganar 'yan yatsun nan. Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya ba mu ƙayar aduwa kowa ɗaya, ya ce a shafa ƙaron a kan 'yan yatsun kaɗai, kada a taɓa bakin. Ni na fara, don ni ne babba. Tsutsa uku na liƙe wa baki gaba ɗaya, ta huɗu na tsire ta. Sahabi ya karɓi gilashi ya riƙe numfashi, ya taɓa nan ya taɓa nan, ya aza tasa a kan ganyen da aka tsoma a ruwan dogon yaro. Wallahi muna kallo ta kafa kai ta ci, abin da 'yan uwanta suke gudu, don an toshe mata abin jin ɗaci. Baba ya dubi Sahabi ya daɗe, sannan ya ce, “Wanga yaro hannunai na da ido.” Shekara uku ina ɗaukar wa tsohon nan jaka bai taɓa faɗa mini kwatankwacin wannan ba. Tun daga ranar nake ƙyashin Sahabi, kuma ba zan ɓoye muku ba, bai taɓa yi mini komai ba.

Duk da haka da ƙarfin Baba ya ƙare, ni ya kama wa hannu ya kai gaban Malam Nomau ya ce ga wanda zai ci gaba da duba garka. Girma ya bi, ni kuma na san girman ya bi, ba hannu ba. Sahabi ya tsaya a ƙananan garake na Gidan Katta. Shekara tara ina riƙe da garkar Malam Nomau, kabejinsa yana fita tas, 'yan kasuwa suna zuwa daga ƙetaren iyaka su ɗauka tun yana ƙasa. Malam Nomau mutum ne mai nauyin baki, a shekara taran nan yabon da ya yi mini bai wuce ya ce “Madalla” ba, amma in na zo shi da kansa yake buɗe mini ƙofar danga.

Ana nan sai sunan Sahabi ya fara yawo. Yau ka ji an ce ya ceto tumatirin wane, gobe ka ji an ce ya dubi ganye ɗaya ya faɗi kwana nawa tsutsa ta yi a garka. Har wasu suna cewa yana jin maganar tsutsa. Duk wanda ya yabe shi a gabana sai in ji kamar an zuba mini garwashi a riga, in yi murmushi in ce ai yarona ne. Rannan ina tsakiyar aiki a Tozai, Malam Nomau yana tsaye a kaina, sai ya ce, “Garba, an ce ƙanen nan naka Sahabi ya iya ƙwarai. Wata rana ka taho da shi ya leƙa muna, ido biyu sun hi ɗaya.” Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa ban san yadda na ƙarasa fangalin da nake kai ba.

A kan hanyar komawa Illela na yanke shawara. Dogon yaro na Baba ne, Sahabi ya san shi kamar yadda na san shi, ko ma fiye. In ina son a daina haɗa sunana da nasa, sai na fito da magani nawa na kaina wanda ba shi da shi. Na tara shuwaka, da garahunu, da ɗata, da busasshen barkono kwano guda, na tafasa a tukunyar da matata take rini har ruwan ya koma baƙi. Na ɗiga a harshe. Ranar ban ji ɗanɗanon tuwo ba, har goro na tauna na ji kamar ƙiraren kara. Na ce to, abin da ya yi mini haka, ina ga tsutsa. Ni da aka koya wa tun ranar farko cewa harshenta daban, ni ne na auna magani da nawa harshen. Ba mantawa na yi ba, so nake ya zama gaskiya.

Na sa a gaya wa mutanen Tozai cewa ranar Lahadi su same ni a kasuwar Illela, inda ake sauke kayan gwari, zan nuna musu sabon abu. Da safiyar Lahadi na fito na iske tayar mashin ta sace. Tozai ba nan kusa ba ce, in na tsaya faci na je na ɗebo tsutsa na dawo, kasuwa ta watse. A bayan gidana kuwa akwai 'yan fangalin alayyahu, da tsutsar nan mai baƙaƙen ɗigo manya-manya sun ƙoshi, iri ɗaya sak da wadda ke damun kabejin Tozai a shekarar. Na tsaya a kansu na ɗan jima. Sai na ce a raina abin da ɗan uwanku ya ce mini shekaranjiya, wato tsutsa ai tsutsa ta, na ɗebi goma na zuba a gwangwani. Ganyen shaida kuwa da gangan na bar shi, na ce in mutane suka ga tsutsa tana cin wani abu a faifai, hankalinsu zai rabu.

Mutane sun taru fiye da yadda na zata, Malam Nomau yana gaba da sandarsa. Na yanko ganyen kabeji na tsoma a baƙin ruwan nan na shimfiɗa a faifai, na juye tsutsotsin a kai. Suka taɓa, suka ɗaga kai suna kaɗawa, suka watse gefen faifai. Na maido su tsakiya, suka sake watsewa. Wuri ya ɗau hayaniya, wani yana cewa ko dogon yaro bai kai wannan ba. Ina cikin jin daɗi sai na ga mutane suna darewa, Sahabi ya kutso ya tsuguna a gaban faifan. Bai dubi ganyen ba, kashin da suka yi a cikin gwangwani ya duba, ya murza a yatsa. Ya matso kusa da kunnena ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

“Yaya, ina anka ɗebo su?”

Da na amsa masa a hankali yadda ya tambaya, da yanzu ba wannan labari nake ba ku ba. Sai na ɗaga murya na ce, “Mi ya shahe ka da inda anka ɗebo su? Yaushe ka zama mai yi min tambaya? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, Sahabi.” Sai ya miƙa hannu kan tulin kabejin wani mai sayarwa ya ɓallo ganye mai kyau, zai aza a faifan. Na buge hannun, ganyen ya faɗi ƙasa. Na ce faifaina ne, in yana da nasa magani ya je ya shimfiɗa nasa. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce, “Yi haƙuri, Yaya,” ya fita daga taron. Ina jin mutane suna cewa hassada ce ta kawo shi, ai hassada ga mai rabo taki ce. Ni suke ba wa haƙuri a kan hassadar Sahabi, na kuwa karɓa.

Kashegari na yi wa garkar Malam Nomau feshi daga wannan danga zuwa waccan, lokacin ni ma na sayi tanki irin naku. Maƙwabtansa bakwai suka ce a yi musu. Kabejin yana daidai fara naɗe kai, kuma wannan shi ne lokacin da ba a wasa da shi, don in tsutsa ta shige cikin kai ya rufe da ita, babu maganin da zai kai gare ta. Kwana uku na koma na ga ramuka manya da sabon kashi a ƙasa. Na san abin da wannan yake nufi, ba yau na fara karanta ganye ba. Amma na ce wa Malam Nomau barkono ne ya yi kaɗan, na koma na sake dafa wani na sake feshi. Da a ranar na je na daka dogon yaro, da an tsira da fiye da rabi. Komawa ga dogon yaro kuwa a wurina daidai yake da in tsaya a kasuwa in ce Sahabi ya yi gaskiya, shi ya sa na ƙara wa tsutsa kwana huɗu.

A rana ta bakwai na lallaɓa bayan rijiya inda ba mai ganina, na yi gwajin yadda Baba ya koya mini, da tsutsar garkar, da ganyen shaida. Ta taɓa mai maganin, ta ɗan gatsa, ta kafa kai. Ta cinye shi ta wuce kan shaidar, ba ta ma bambanta su ba. Na daɗe a tsugune a wurin. Da na tashi na dubi garkar da idon gaskiya, ganyen waje ya koma kamar rariya, kawunan duk an huda su, wasu sun fara ruɓewa suna wari. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba, har na mutum takwas da suka yarda da ni. Kabejin da ake zuwa ɗauka da mota, a shekarar Fulani aka kira suka kwashe wa shanu.

Malam Nomau bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. A gabana ya aika a kira Sahabi. Ya zo da jarka biyu na ruwan dogon yaro ɗaure a mashin, ya sauka, ya gaida Malam, sannan ya zo gabana ya rusuna ya ce, “Yaya, in shiga?” Ku ji fa, garka ta riga ta fita hannuna, kowa ya sani, amma sai ya nemi izinina a gaban mutane. Na ce ya shiga. Akwai fangali kaɗan na bayan shuka da ba su naɗe kai ba, ya bi su ganye-ganye, ya tsince manyan da hannu, ya yayyafa wa sauran, ya ceto su. Ni ina tsaye a waje riƙe da tankina, ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in tsaya.

Na zauna jiran ranar da zai tona ni. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce tsutsar alayyahu ce Garba ya kawo kasuwa, shi ke nan ko garkar yakuwa ba mai sake ba ni. Mako ya wuce, wata ya wuce, shekara ta zagayo, shiru. Mutane dai suka ce maganin Garba bai ci ba, aka bar ta a nan. Tozai duk ta koma hannunsa, ni na koma ƙananan garake, da zogalen mata na bayan gida, da irin aikin da ku yanzu kuke rainawa. Kuna tsammani shirun nan ya sanyaya mini zuciya? Ƙara mini ya yi. Da ina ƙyashin hannunsa ne kawai, sai na koma ina ƙyashin halinsa ma, don na san in ni ne a matsayinsa da tuni na ba da labari a kowace rumfa. Shekara bakwai, in na bi ta kusa da garkar da yake dubawa sai na rage gudu in leƙa ta saman danga, ina neman ganye mai rami. Allah ya yafe mini, in na ga ɗaya yini nake cikin nishaɗi, kuma ba kasafai nake gani ba.

Ranin da ya wuce sai ga labari Sahabi ya faɗi da mashin ya karye a ƙafa, an kai shi Ƙonni wurin mai ɗori, sai ya yi wata biyu a kwance. Na ce Allah ya sawwaƙe, na je na duba shi har da lemo. Abin da zuciyata ta yi da na ji labarin kuwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Bayan kwana biyar aka aiko cewa Malam Nomau yana nemana. Na yi wanka, na sa rigar da nake zuwa Juma'a da ita, na daka dogon yaro mai kyau na cika jarka, na kama hanyar Tozai ina ji kamar an maido mini da shekara ashirin.

Na iske shi zaune a bakin garka, ya tsufa ƙwarai. Kabeji yana daidai fara naɗe kai, daga inda nake tsaye ina hango ramuka a fangalin farko. Muka gaisa, ya nuna mini wuri na zauna. Ya ce, “Garba, ba ni ɓoye maka, ni da kaina ban yi niyyar kiranka ba. Sahabi na ya aiko. Ya ce duk ƙasag ga babu wanda ya kai ka sanin tsutsa, rabin abin da ya sani kai ka koya mai. Ya ce waccan shekara ba laihinka ba na, baƙuwar tsutsa ta anka yi, ko Baba Arzika na da rai ba ya iya mata. Tunda shi ya hwaɗi, na yarda. Tashi ka shiga.”

Shekara bakwai nake jiran wannan kalma. Ƙofa a buɗe, jarkata cike, aikin kuwa na kwana uku ne, na san zan iya shi ido rufe. Amma sai na ga kaina ina shiga garkar nan kullum da ƙaryar da Sahabi ya yi domina, ina cin arzikin mutumin da ke kwance da karyayyar ƙafa, har in mutu ana cewa shi ya maido ni. Na ce, “Malam, ba wata baƙuwar tsutsa. Tsutsar alayyahun bayan gidana na kai kasuwa, ko ruwan rijiya na tsoma ganyen nan a ciki ba ta ci. Sahabi ya gane tun a wurin, shi ya sa na buge mai hannu. Kwana uku da feshi na san magani bai ci ba, na yi shiru na ƙara wani.”

Kada ku ce tsoron Allah ne ya sa na faɗa, ina ma a ce shi ne. Ƙyashi ne, na gwammace in rasa garkar da in karɓe ta daga hannun Sahabi.

Malam Nomau ya juya yana kallon kabejinsa. A fangalin da ke gabanmu ina ganin tsutsa ta kafa kai tana ci, shi ma yana ganinta. Can ya numfasa ya ce, “Ashe haka anka yi.” Ya dafa sanda ya miƙe a hankali, ya ja ƙofar dangar ya ɗaure da igiya.

“To,” ya ce, “mu jira ƙahwar Sahabi ta warke.”